Janar William Slim da Yaƙin Bama: Tambayoyi da Amsoshi

Wane ne William Slim?

Hafsan sojan Birtaniya ne da aka haifa a 1891. An ji masa rauni a Gallipoli da ke Turkiyya a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya ya koma rundunar Indiya, inda ya shafe shekaru yana aiki da sojojin Gurka 'yan asalin ƙasar Nepal.

Yaya aka yi ya sami kansa a Bama?

A watan Maris na 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka danƙa masa rundunar da Japanawa suka riga suka ci ƙarfinta, don haka aikinsa na farko shi ne janye ta zuwa Indiya, tafiyar mil kusan 900, damina na bin sawunsu. Sun isa a galabaice, da yawansu ba takalma, amma da bindigoginsu a hannu.

Mene ne ya juya akalar yaƙin?

Da ya karɓi Runduna ta 14 a 1943, ya tarar zazzaɓin cizon sauro da atini sun fi harsashin abokan gaba kwantar da mutanensa nesa ba kusa ba. Sai ya wajabta shan ƙwayar mepacrine ta rigakafin zazzaɓin cizon sauro kullum, wadda ke mayar da fata rawaya, ya riƙa aika likitoci su yi binciken ba-zata, ya kuma tuɓe kwamandojin da suka yi sakaci. Ya kuma koya wa dakarunsa cewa idan an yi musu ƙawanya kada su ja da baya, su dake a inda suke, jiragen sama za su jefo musu abinci da harsasai. Da wannan dabara aka karya Japanawa a garuruwan Imphal da Kohima na Indiya a 1944, kafin ya yaudare su ya kame garin Meiktila na Bama a Maris na 1945. A ganina, kula da lafiyar ƙaramin soja ita ce babbar bajintarsa, ta fi kowace dabarar fagen daga.

Shin sojojinmu sun shiga wannan yaƙi?

Ƙwarai kuwa. Rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda Hausa ce harshen da da yawa daga cikinsu ke magana da shi, sun fafata a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suna ɗauke da kaya a ka a dazukan da mota ba ta shiga. Su ne suka kame garin Myohaung a Janairun 1945, sunan da har yau wani bariki a Legas ke amsawa.