Waiwaye: Yadda lissafi ya shiga tsakanin tsirrai masu cin ƙwari da ɓarayin abincinsu

A littafinsa na 1875 kan tsirrai masu cin ƙwari, Charles Darwin ya ambaci Roridula, wani ɗan itace na Afirka ta Kudu mai ganye cike da gashi mai danƙo. Busassun ganyensa kawai ya samu ya duba. Daga baya aka lura tsiron ba ya fitar da ruwan narkar da abin da ya kama, har masanin tsirrai Francis Lloyd ya yanke hukunci a 1934 cewa ba ya cikin masu cin nama. To, me ya sa yake ɗana tarko?

Ashe akwai mai cin abin. Wani ɗan ƙwaro ne, Pameridea, da ke yawo a kan danƙon ba ya maƙalewa, yana tsotse duk abin da ya faɗa. An daɗe ana yi masa kallon ɓarawo, sai a 1996 Allan Ellis da Jeremy Midgley suka nuna cewa ganyen na shan naitirojin, sinadarin da tsiro ke buƙata don girma, daga kashin ƙwaron.

Wannan ya rikita lissafin da ake da shi. Tsarin lissafin yawan halittu na Alfred Lotka na 1925 da na Vito Volterra na 1926 sun ginu ne a kan mai ci da wanda ake ci, ɗaya na ƙaruwa, ɗaya na raguwa. Na Thomas Givnish da abokan aikinsa na 1984 kuwa ya auna riba da asarar yin tarko, ya nuna cin ƙwari ya fi biya a wuri mai rana da danshi da ƙasa maras taki. Amma ba a ware wa mai wawashe abincin kasonsa ba.

A 2007 Bruce Anderson da Midgley suka gwada tasirin yawan Pameridea a kan tsiron Roridula. Idan babu su, ba ya girma sosai. Idan suna da matsakaicin yawa, yana bunƙasa. Idan suka yi yawa, sai su koma tsotsar ruwan jikinsa. Ke nan ƙwaro ɗaya yana iya zama bara ko ɓarawo, gwargwadon adadinsa. Dole mai lissafi ya saka yawan kamun tarko, da kason da aka sace, da wanda ya dawo ta kashi, da ruwan da aka tsotsa, ga kuma gizo-gizon Synaema marlothi da ke farautar Pameridea.

A ganina, kason da ke dawowa shi ne zuciyar batun, don ba kowane ɓarawo ke barin tukwici ba. Tururuwar da Regino Zamora ya nazarta a 1990 a tsaunukan Sierra Nevada na Sifaniya jan gawar take yi daga ganyen Pinguicula, wani tsiro mai cin ƙwari, ta kai gida. A 2016 kuma aka bayyana tsutsar ƙudan Toxomerus basalis da ke cinye kamun Drosera, shi ma tsiro mai cin ƙwari, a Brazil.