Mene ne ma'anar "Aliyyun waliyyullah" da ake gani a jikin tsofaffin gine-gine?

Bahaushe ya san waliyyi iri biyu. Akwai bawan Allah na kusa da Ubangijinsa, wanda ake neman albarkarsa. Akwai kuma waliyyin amarya, wanda sai ya ce "na bayar" kafin aure ya ɗauru. Na farko kusanci gare shi, na biyu iko. Larabci ya zuba su duka a kalma ɗaya, kuma a tsakanin ma'anonin nan biyu ne saɓanin Sunna da Shi'a kan jimlar "Aliyyun waliyyullah" yake.

A fassara ta kai tsaye, jimlar tana cewa Aliyu waliyyin Allah ne. In kusanci ake nufi, babu Ahlus Sunnan da zai musa wa Sayyidina Aliyu wannan. Amma ɗan Shi'a in ya faɗe ta, wilaya yake nufi: cewa jagorancin al'umma bayan Annabi (SAW) haƙƙin Aliyu ne da imaman da suka fito daga zuriyarsa. Suna kafa hujja da aya ta 55 a Suratul Ma'ida da hadisin Gadir Khum, "wanda na kasance maulansa, to Aliyu maulansa ne". Malaman Sunna sun ruwaito hadisin, sai dai suna fassara "maula" da masoyi da mataimaki. Shi ya sa wurin da aka ajiye jimlar ya fi kalmominta faɗar magana. In ta biyo bayan kalmar shahada kai tsaye, ta zama ta uku, to mai ginin ya bayyana aƙidarsa.

Alƙahira ce ta fi nuna wannan. Fatimiyyawa, 'yan Shi'a Isma'iliyya, sun karɓe Masar a 969, suna mulkin jama'ar da mafi yawanta Sunna ce. A 1087 waziri Badrul Jamali ya gina ƙofar gari da ake kira Babun Nasr, aka sassaƙa shahada a samanta da rubutun Kufi, aka rufe ta da "Aliyyun waliyyullah". Duk mai shiga gari, da jakinsa da kayansa, ta ƙarƙashinta zai bi, ko ya iya karatu ko bai iya ba. Ɗansa Al-Afdal ya yi abin da ya fi haka ƙarfin hali. A 1094 ya shiga masallacin Ibn Tulun, wanda gwamnan Abbasiyawa 'yan Sunna ya gama tun 879, ya manna mihirabin farar ƙasa a jikin wani ginshiƙi, ɗauke da wannan jimla da sunan halifan Fatimiyyawa Al-Mustansir. A ganina wannan siyasa ce fiye da wa'azi, kamar kafa tuta a gidan wani.

Masallacin Al-Aƙmar na 1125 ya bi ta wata hanya mai taushi. Sama da ƙofarsa akwai da'irar dutse da aka huda kamar rariya. A tsakiyarta an rubuta "Muhammad da Aliyu", sannan aka kewaye sunayen da ƙarshen aya ta 33 a Suratul Ahzab, mai maganar tsarkake Ahlul Baiti. Ba a ƙara kalma ko ɗaya da za a yi jayayya a kanta ba. Zaɓen ayar da inda aka dasa ta su suka isar da saƙon.

A Iran, inda 'yan Shi'a masu bin imamai goma sha biyu suka yi ƙarfi, alamar takan zama jerin sunayen imaman. Mihirabin da aka yi a babban masallacin Isfahan a 1310, zamanin Sarki Uljaitu, yana ɗauke da su, kusan shekara 190 kafin Shah Isma'il ya mai da Shi'anci aƙidar gwamnati a 1501. Magina a can sun kuma ƙware wajen jera tubali mai launi ya fitar da sunan Aliyu sau huɗu cikin murabba'i, har mai kallo ya ɗauka ado ne kawai.

Sai dai ganin sunan Aliyu a bango bai isa a yanke hukunci ba. Manyan allunan da ke rataye a Aya Sofiya ta Istambul suna ɗauke da Aliyu da Hasan da Husaini, amma tare da Abubakar da Umar da Usman, kuma Usmaniyawa 'yan Sunna ne suka rataye su. Sai a duba su wa aka jera tare da shi, su wa aka tsallake.

Salahuddin Ayyubi ya kawo ƙarshen Fatimiyyawa a 1171, aka mayar da huɗuba da sunan halifan Bagadaza. Sarakunan Sunna sun yi ta zuwa suna wucewa bayansa, rubutun Babun Nasr kuwa yana nan a saman ƙofar har yau.