Rigimar zaɓen Hong Kong kafin Birtaniya ta sauke tuta: tambayoyi da amsoshi

Me ya haɗa Birtaniya da Sin faɗa, alhali sun riga sun daidaita?

A 1984 ƙasashen biyu suka sa hannu cewa Hong Kong za ta koma hannun Sin ranar 1 ga Yuli 1997, ta ci gaba da tsarinta na jari-hujja har shekara 50. Abin da ya rage shi ne irin majalisar dokokin da za a miƙa. An yi fatan waɗanda aka zaɓa a 1995 su zarce har bayan miƙa mulki. Sai ga Chris Patten, gwamna na ƙarshe, ya iso a 1992.

Me ya sauya?

Kujerun majalisar 60 ne, kuma 20 kacal jama'a za su zaɓa kai tsaye. Patten bai taɓa wannan adadi ba, wayo ya yi. Akwai kujeru 30 na ƙungiyoyin sana'a, waɗanda 'yan tsirarun masu kuɗi da ƙwararru ke cikawa. Sababbi tara daga cikinsu ya buɗe wa kusan duk mai aikin yi, har direba da mai shara. Ya rage shekarun jefa ƙuri'a daga 21 zuwa 18, ya soke kujerun naɗi a majalisun gundumomi.

To, ina laifin?

Beijing ta ce an saɓa wa fahimtar da aka yi, kuma Patten ya sanar da sauye-sauyen a Oktoba 1992 ba tare da yardarta ba. Lu Ping, babban jami'in Sin kan harkokin Hong Kong, ya kira shi mai zunubin shekara dubu. Raunin kisan masu zanga-zanga da sojojin Sin suka yi a yankin dandalin Tiananmen na Beijing a 1989 bai warke ba, kowa na zargin kowa. Kuma Sin na da abin faɗa: Turawan da suka yi shekara 150 suna mulki, sai a 1991 suka fara zaɓen kai tsaye na majalisar. Da suka ɗaura kaya ne suka tuna da dimokuraɗiyya?

Ba a zauna ba?

An zauna zagaye 17 a 1993, aka tashi baram-baram.

Yaya ta ƙare?

Majalisa ta amince da sauye-sauyen a Yuni 1994. A zaɓen Satumba 1995 jam'iyyar Martin Lee ta masu neman dimokuraɗiyya ta fi kowa kujeru. Sin ta kafa majalisar riƙon ƙwarya, wadda ta riƙa zama a Shenzhen, a tsallaken iyaka. Daren da aka sauke tutar Birtaniya aka rushe zaɓaɓɓiyar majalisar, ba ta ko cika shekara biyu ba.