Kamun kifin halibut a arewacin Norwe

Halibut na tekun Atlantika, wanda masana ke kira Hippoglossus hippoglossus, shi ne mafi girma a cikin kifaye masu faffaɗan jiki da ke kwanciya a ƙasan teku. Idanunsa biyu suna gefen dama, bayansa duhu ne, cikinsa fari. Macen ta fi namijin girma nesa ba kusa ba, takan wuce mita 2, kuma an samu masu nauyin fiye da kilo 300. Kifi ne mai jinkirin balaga, yakan kai shekara 50 a raye.

Lokaci da wuri

Da hunturu halibut kan gangara cikin zurfi mai ɗaruruwan mitoci domin zuba ƙwai. Idan sanyi ya sassauta, daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, sai ya hauro ruwa marar zurfi, ya kwanta kan rairayi a mashigai masu ƙarfin igiyar ruwa yana dakon ƙananan kifaye. A nan masu fatsa ke samunsa. Wuraren da suka yi suna sun haɗa da Senja, Sørøya, Havøysund da tsibiran Lofoten, inda ake busar da wani kifi daban da 'yan kasuwa ke kawowa Najeriya. Ɗumin ruwan Atlantika yana hana gaɓar daskarewa, kuma daga ƙarshen Mayu rana kan yi makonni ba ta faɗuwa.

Tarihi

Wannan su ya daɗe ƙwarai. A duwatsun Alta da ke arewacin Norwe, waɗanda UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1985, akwai zanen mutane cikin kwale-kwale sun saki doguwar igiya, halibut na maƙale a ƙarshenta. Ana jin mafi tsufan zanen wurin sun kai shekara 7,000. Tsawon zamanai da ƙugiya da mashi ake kama shi. Idan ruwa ya kwanta garau, masunci kan hango kifin a kwance, ya sakar masa mashi mai nauyi ɗaure da igiya. Irin wannan kamu bai taɓa yi wa kifin illa mai yawa ba.

Abin ya sauya wajen 1936, lokacin da aka fara shimfiɗa raga a zurfafan wuraren zuba ƙwai. An kwashi manyan mata da yawa cikin ɗan lokaci, kamu ya faɗi, har hukuma ta kafa dokar hana su a lokacin haihuwar kifin. Ɓarnar ta daɗe kafin ta fara warkewa, kuma arewa ta riga kudu farfaɗowa.

Yadda ake kamawa a yau

Ana barin ƙaramin jirgi ya bi ruwa a hankali, a saki kifin roba ko cikakken kifi a ƙugiya kusa da ƙasa. Babba kan ɗauki fiye da awa guda kafin a jawo shi gefen jirgi. A 2013 wani Bajamushe ya kama mai fiye da kilo 230 a yankin Finnmark na arewacin Norwe.

Dokoki

Hanin kamu yana farawa ranar 20 ga Disamba ya ratsa hunturu. Dole a saki ƙanana, da duk wanda ya wuce mita 2, domin manyan mata su ne masu yawan ƙwai. Akwai saɓani tsakanin masuntan gida da kamfanonin yawon buɗe ido kan yawan abin da baƙi ke kamawa.