Me ake nufi da jirgi "kai tsaye"?

Duk sanda lokacin Umara ya gabato, sai masu talla a rediyo da ejan-ejan na unguwannin Nima da Mamobi a Accra su ishe mu da magana ɗaya: "Jirginmu kai tsaye ne." Tsoho ya ji haka, ya ɗauka daga tashi a Accra babu sauka sai Jidda, ya biya kuɗinsa.

A wurin kamfanonin jiragen sama, abin da ake nufi da kai tsaye shi ne lambar jirgin ba ta canzawa daga farkon tafiya zuwa ƙarshenta. Jirgin na iya sauka a hanya, ya sauke wasu, ya ɗauki wasu, ya sha mai. Wanda ba ya sauka ko'ina sunansa daban ne a wurinsu, jirgin da ba ya yada zango. Kamar motar Kumasi ce da ke tsayawa a Nkawkaw: ba ka sauya mota ba, amma an tsaya.

Misalin yana nan a gabanmu. Jirgin Emirates da ke tasowa daga Dubai yana sauka Accra, sannan ya wuce Abidjan da lamba ɗaya. Tsakanin Dubai da Accra kusan kilomita 6,300 ne, awa 8 ko kusa da haka. Mai sauka a Accra bai yada zango ba. Mutumin Abidjan da ke zaune kusa da shi kuwa, shi ma an sayar masa da kai tsaye, amma sai ya jira an sauke fasinja da kaya, sannan a sake tashi. Ni a ganina wannan suna yana da yaudara a ciki, ko da doka ta yarda da shi, domin babu Bahaushen da zai ji "kai tsaye" ya kawo sauka a ransa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wasu ejan sun ƙara faɗaɗa kalmar. Tikiti ɗaya aka yanka maka, to wai ya zama kai tsaye, alhali za ka sauka Addis Ababa ko Alƙahira, ka zauna awoyi, ka hau wani jirgin dabam. Accra zuwa Jidda kusan kilomita 4,600 ne a miƙe, tafiyar awa 6 ko makamancin haka. Ta wannan zagaye tana iya cinye yini guda. Ga matashi ba komai ba ne. Hajiya mai ciwon ƙafa ko mai ciwon suga da ke shan magani a kan lokaci fa?

Sai rikicin agogo. Lokacin da ke kan tikiti na garin da abin ya shafa ne. Saudiyya tana gaban Gana da awa 3, Dubai da awa 4. Idan ka tashi Accra ƙarfe 7 na yamma ka sauka Dubai ƙarfe 7 na safe, awa 8 ka yi a sama, ba 12 ba.

Kafin Baba ko Hajiya su miƙa kuɗi, a tambayi ejan sau nawa jirgin zai sauka, ko za a sauya jirgi, da awa nawa za a zauna a can. A sa ya nuna a rubuce a kan tikitin.