Kumfa a hancin mamaci ba hujjar guba ba ce

A Jos, da zarar masu wankan gawa sun ga kumfa ko ruwa mai jini-jini a hancin mamaci, sai raɗe-raɗi ya tashi cewa guba aka ba shi. Wannan zato na raba zumunci, kuma sau tari ba shi da tushe.

Ciwon zuciya kan tara ruwa a huhu, nutsewa ma haka, kuma daga nan kumfar ke fitowa. Idan gawa ta jima cikin zafi, ƙwayoyin cutar hanji kan haifar da iskar da ke tunkuɗo ruwa waje. Gaskiya ne wasu magungunan ƙwari na kawo kumfa, amma ido ba ya iya rarrabewa. Sai likitan binciken gawa ya ɗebi jini, fitsari da abin da ke cikin tumbi an gwada.