Kunun hatsi da gishiri ga yaro mai gudawa: tambayoyi da amsoshi

Wai da gaske kunu yana maganin gudawa?

Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa. Hanji kuwa ba ya zuƙar gishiri sosai sai yana tare da sukari, ruwa kuma ya bi bayansu. Sitacin da ke cikin shinkafa, gero, dawa ko masara yana narkewa a hankali cikin hanji ya zama sukarin da ake buƙata, ba tare da ya yi wa ciki yawa a lokaci guda ba. Likitocin cibiyar binciken gudawa da ke Dhaka a Bangaladesh ne suka gwada haɗin garin shinkafa a farkon shekarun 1980, aka kuma ga yana rage yawan zawon masu kwalara fiye da haɗin sukari na wancan lokacin. A gudawar yau da kullum bambancin ba shi da yawa, amma aikin mayar da ruwa yana yin sa.

Yaya ake haɗawa?

A samu lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato ledar ruwa biyu irin ta 50cl. A zuba garin hatsi mai laushi cike da ƙaramin cokalin shayi sau 8, da gishiri rabin ƙaramin cokali a shafe. A dama, a ɗora a wuta ya tafasa minti 5 zuwa 7, ana juyawa don kada ya yi gudaji. Ruwa-ruwa ake so, wanda zai zubo daga cokali, ba irin kunun da ludayi ke tsayawa a ciki ba. Idan ya huce, uwa ta ɗanɗana da kanta kafin ta ba yaro: kada gishirinsa ya wuce na hawaye. A nan ne na fi jin tsoro, domin hannun da ya saba zuba gishirin miya yana da nauyi, gishiri mai yawa kuma yana iya jawo wa yaro jijjiga. Ban da kanwa, ban da yaji. In ya yi rabin yini cikin zafi, a zubar a dama sabo.

To, ya fi fakitin ORS na asibiti, wato haɗin gishiri da sukari da ake narkarwa a ruwa?

A'a. Fakitin an auna komai a cikinsa, har da sinadarin fotasiyam da kunu ba shi da isasshe. In akwai shi, shi za a fara ɗauka, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara tun 2004. Amma zawo ba ya jiran gari ya waye ko kemis ya buɗe, garin gero kuwa yana nan a ƙwarya.

Nawa za a ba shi?

Bayan kowane zawo, yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi, wanda ya haura haka rabin kofi zuwa kofi guda. A zaunar da shi a cinya, cokali-cokali, ba ɗura ba. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Nono da abinci kada a tsayar.

Jaririn goye fa?

Wanda bai kai wata 6 ba, a ƙara masa nono, a ba shi ORS, a kai shi asibiti. Cikinsa bai ƙware da narkar da hatsi ba.

Kaka ta ce haƙori ne, zai wuce. A bari?

A girmama Kaka, amma a ɗora tukunya. Lokacin fitar haƙori shi ne lokacin rarrafe, da kai duk abin da hannu ya taɓa baki, shi ya sa zawo ke yawa a watannin nan. Idan idanu suka faɗa, maɗiga ta lotsa, yaro ya yi laushi ya kasa sha, fitsari ya ɗauke, ko aka ga jini a kashi ko zazzaɓi mai zafi, a goya shi zuwa asibiti nan take, a riƙe kofin da cokalin ana ba shi a hanya.